Sari da Jan-Baki: Tarken Hoton Ba'indiya Tsakanin Al'ada da Zamani a Fim ɗin Mahanagar

1.0 Gabatarwa

Tun wajen shekarun 1950 zuwa na 1960, sa'ad da 'yan kasuwar Labanan masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya Arewacin Nijeriya, Bahaushe ya saba da ganin Ba'indiya a majigi. Ya gan ta a Plaza da Orion da Marhaba a birnin Kano, ya gan ta a akwatin talabijin, sannan a kaset da faifai, ga shi yau yana ganin ta a wayar hannu tana magana da Hausa ta bakin masu fassara. Masana irin su Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997, da Abdalla Uba Adamu, a rubuce-rubucensa da dama, sun bayyana dalilin wannan shaƙuwa. Bahaushe ya tarar da abubuwan da ya sani a cikin waɗannan finafinai, wato kunya da biyayya ga iyaye da rikicin auren tilas da zaman babban gida, duk a cikin wata duniya ta zamani wadda ba ta Turawa ba.

To, amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: wannan matar da muka shafe fiye da shekara sittin muna kallo, yaya aka zana ta, kuma wa zanen ya amfana? Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken fim ɗin Mahanagar, wato "Babban Birni", wanda Satyajit Ray ya shirya da harshen Bangali a 1963, ta hanyar auna shi da wasu finafinai biyu na kasuwar Bombai waɗanda suka fi shi tara 'yan kallo. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa finafinan kasuwa sun mayar da rikicin al'ada da zamani rikicin sutura da tarbiyyar mace, alhali Ray ya gano ainihin inda gizo ke saƙar, wato kuɗin cefane da girman namiji a cikin gidansa. Za a kuma nuna inda shi kansa Ray ya tsaya bai ƙarasa ba.

2.0 Tushen Rikicin

Kafin a shiga finafinan, ya kamata a ɗan waiwayi tarihi. A ƙarni na 19 matsayin mace shi ne fagen da Turawan mulkin mallaka da masu ilimin Indiya suka fi gwabzawa a kai. A 1829 aka haramta al'adar ƙona mace tare da gawar mijinta, bayan fafitikar Ram Mohan Roy. A 1848 Savitribai Phule da mijinta Jyotirao suka buɗe makarantar 'yan mata a garin Pune. A 1856 kuma aka yi dokar da ta halatta wa matan Hindu waɗanda mazansu suka mutu su sake aure, bisa ƙoƙarin Ishwar Chandra Vidyasagar. Duk da haka Turawa sun ci gaba da kafa hujja da halin da mata suke ciki suna cewa Indiyawa ba su isa mulkin kansu ba. Littafin da wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta wallafa a 1927 da sunan Mother India shi ne mafi ɗaci a cikin irin wannan suka.

Masanin tarihi Partha Chatterjee, a wata maƙala ta 1989, ya bayyana yadda masu kishin ƙasa suka mayar da martani. Sun raba rayuwa kashi biyu, waje da gida. A waje sun yarda Bature ya fi su, saboda haka namiji ya koyi Ingilishi da kimiyya da aikin ofis, ya sa kwat da wando, babu mai zargin sa. Gida kuwa shi ne ma'ajiyar addini da al'ada da ruhin ƙasa, mace ce kuma aka ɗora wa gadinsa. An yarda ta yi karatu, an ma yarda ta fita, muddin tufafinta da cimarta da ibadarta suna shaida cewa ba ta koma Baturiya ba. Ke nan namiji ya sami izinin shiga zamani, mace kuma aka ba ta ajiyar al'adar da ya baro.

Bayan samun 'yanci a 1947 an yi dokokin da suka kyautata matsayin mace a takarda: dokar auren Hindu ta 1955, da ta gado ta 1956, da ta 1961 wadda ta hana dukiyar da iyayen amarya kan biya dangin ango. Sai dai ƙidayar 1951 ta nuna cewa matan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 9 cikin 100 ba. A cikin wannan yanayi ne aka shirya finafinan da za mu duba.

3.0 Radha da Preeti: Siffofi Biyu na Kasuwar Bombai

Babu mai kallon silima na wancan zamani a ƙasar Hausa da bai san Mother India na Mehboob Khan ba, wanda ya fito a 1957, ya kuma ari sunan littafin Mayo don ya juya ma'anarsa. Nargis ce ta fito a matsayin Radha, matar manomi wadda uwar mijinta ta ci bashin rufi 500 a wurin Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa, domin hidimar bikinta. Bashin ya cinye kashi uku cikin huɗu na amfanin gona, dutse ya danne hannuwan mijin ya nakasa ya bar gida, Radha ta ja garma da kafaɗarta, ta ƙi sayar da mutuncinta ga Sukhilala ko da yunwa na neman kashe 'ya'yanta. A ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta don ya sace 'yar Sukhilala ranar aurenta.

Fim ne mai ƙarfi, ba a musun wannan. Abin lura a nan shi ne yadda ya raba aiki. Ya buɗe da hotunan tarakta da sabuwar hanyar ruwan noman rani, alamomin ci gaban gwamnatin Nehru, sannan aka ɗauko Radha tsohuwa don ta sa wa aikin albarka. Zamani na hukuma ne da injiniyoyi, abin da ake nema daga mace shi ne haƙuri da tsarki. Wahalar Radha ta gaskiya ce, amma fim ɗin ya ɗaukaka ta har ta zama abar bauta, wanda ake bauta wa kuwa ba a tambayar sa ko ya gaji.

Siffa ta biyu tana cikin Purab aur Paschim, wato "Gabas da Yamma", na Manoj Kumar, 1970. Tauraron, mai suna Bharat, wanda shi ne sunan ƙasar Indiya da harshen Hindi, ya tafi Landan karatu, babu kuma wanda ya ce ya ɓata. Wadda ta ɓata ita ce Preeti, da Saira Banu ta fito a matsayinta: gashi irin na Turawa, ɗan guntun siket, taba a hannu, giya a kofi. Shiryuwarta ta cika ne ranar da ta zo Indiya ta ɗaura sari. Wato fim ɗin ya mayar da al'ada da zamani riguna biyu da ke rataye a ƙusa, mace ta tuɓe ɗaya ta sa ɗaya. Wannan zubi ya daɗe yana ci a kasuwa, har ana jin ƙanshinsa a Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, inda makomar Simran, wadda ta tashi a Landan, ta rataya a kan sulhu tsakanin ubanta da saurayinta.

Radha da Preeti fuska biyu ne na kwabo ɗaya. Dukkansu alama ce ta ƙasa, kuma babu wadda aka bari ta zama mutum mai lissafin kansa a cikinsu.

4.0 Mahanagar

4.1 Labarin a Taƙaice

Ray ya gina fim ɗin a kan gajeren labarin Narendranath Mitra mai suna Abataranika, ya kuma ajiye shi a Kalkata ta tsakiyar shekarun 1950. Subrata Mazumdar akawun banki ne, albashinsa ke riƙe da mutum shida: shi da matarsa Arati, da ɗansu Pintu, da ƙanwarsa Bani, da mahaifiyarsa, da mahaifinsa Priyogopal, tsohon malamin makaranta wanda ko kuɗin sabon tabarau ba shi da su. Da tura ta kai bango, Arati ta nemi aikin tallar injin saƙa gida-gida, mijin da kansa ya taimaka mata da rubuta takardar neman aikin. Ta yi nasara, ta fara samun kamasho, ta ƙulla ƙawance da Edith Simmons, abokiyar aikinta ruwa-biyu, wato mai jinin Turawa da Indiyawa. Ran Subrata ya fara sosuwa, ya sa ta rubuta takardar ajiye aiki. Ranar da za ta miƙa takardar, bankinsa ya durƙushe, ya yi maza ya buga mata waya ya ce kada ta miƙa. Daga nan ta zama mai ciyar da gida. A ƙarshe manajansu, Himangshu Mukherjee, ya kori Edith tare da ɓata mata suna. Arati ta nemi ya ba Edith haƙuri, ya ƙi, sai ta ajiye masa waccan tsohuwar takarda ta fita. Miji da mata suka shige cikin cunkoson birni, babu mai aiki a cikinsu. Madhabi Mukherjee ce ta fito a Arati, fim ɗin kuma ya samo wa Ray lambar gwanin darakta a bikin finafinai na Berlin a 1964.

4.2 Kuɗi

Abu na farko da ya bambanta Arati da Preeti shi ne dalilin fitarta. Ba ta ga wata Baturiya ta yi sha'awar rayuwarta ba, kuma ba ta karanta wani littafi na 'yancin mata ba. Kuɗin makarantar Bani da tabaron suruki da cefanen gobe ne suka tura ta titi. Wato abin da al'ada ta ɗora mata, kula da iyayen miji da rufa asirin gida, shi ne ya fitar da ita daga gidan da al'adar ta ce ta zauna. Da wannan Ray ya rushe katangar da ke tsakanin gida da waje tun daga tushe, domin gidan da ake so mace ta yi gadi ba ya tsayuwa sai da albashin da ake samowa a waje.

Fitowar da ta fi kowace ƙayatarwa ita ce ta ranar albashin farko. Arati ta shige makewayin ofis ita kaɗai, ta zaro takardun kuɗin, ta kai su hanci, ta ɗaga su tana duban kanta a madubi. Babu waƙa, babu rawa, babu dogon jawabi. Mai kallo na ganin mace wadda ta fita don wasu, sai ta tsinci wani abu nata na kanta, tana murna tana kuma jin kunyar murnar. Radha ta yi aikin da ya fi wannan wuya sau ɗari, amma ba a taɓa ba ta madubi ba.

4.3 Jan-Baki

Ray bai guje wa zancen ado ba, sai dai ya yi amfani da shi ta wata hanya dabam. Arati ba ta taɓa tuɓe sari ba daga farkon fim har ƙarshensa. Ɗaya daga cikin alamomin zamani da suka shigo jikinta ita ce jan-bakin da Edith ta ba ta. Da ta yi nuƙu-nuƙu, sai Edith ta tuna mata cewa tana zizara jan gari a tsagar gashinta, tana ɗiga ja a goshinta kamar kowace matar aure ta Hindu, to me ya sa ja a leɓe kaɗai zai zama laifi? Tambayar ta wasa ce, amma ta tona asirin cewa iyakar da ke tsakanin ado na kirki da na banza mutane ne suka shata ta.

Arati takan shafa jan-bakin idan za ta shiga gidajen masu kuɗi talla, ta goge kafin ta iso gida. Ranar da Subrata ya gan shi a jakarta, ta jefar da shi ta taga. A hannun darakta irin Manoj Kumar wannan jifa ita ce tuba, a nan kuma fim zai ƙare. A wurin Ray kuwa babu abin da ya warware, domin ba jan-bakin ne ke damun Subrata ba. Abin da ke ci masa rai shi ne jakar da jan-bakin ya fito daga ciki, jakar da ke ɗauke da kuɗin da shi ba ya iya samowa.

4.4 Maza Biyu

Ƙarfin fim ɗin ya dogara a kan cewa babu mugu a cikin gidan. Subrata mutum ne mai raha da son matarsa, shi ya ƙarfafa mata gwiwa tun farko. Zamanancinsa ya tsaya ne daidai inda girmansa ya fara raguwa. Akwai wurin da ya zauna a gidan shayi ya ɓuya a bayan jarida, ya ji Arati tana gaya wa wani mutum cewa mijinta babban ɗan kasuwa ne, ita kuwa tana aiki ne don nishaɗi kawai. Ƙarya ce ta rufin asiri. Ko a lokacin da take ciyar da shi, ita ce kuma ke ɗinke masa rigar mutuncinsa a idon duniya, aikin da babu mai biyan ta ladansa.

Shi kuwa Priyogopal ya ɗauke wa ɗansa magana, ya ƙi karɓar abin da surukarsa ta miƙa masa daga guminta, don a ganinsa abin kunya ne. Amma yana bin tsofaffin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, har da likitan ido, yana kai ƙarar ɗansa yana neman taimako. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Dattijon yana ganin roƙo ya fi albashin mace daraja, domin roƙon bai taɓa tsarin gidansa ba. Ray bai yi masa dariya ba, ya nuna shi a matsayin malamin da ƙasa ta ci moriyarsa ta yar, wanda ikon cikin gida kaɗai ya rage masa.

4.5 Takardar Ajiye Aiki

Dabarar zubi mafi kyau a fim ɗin ita ce takardar nan guda ɗaya da aka yi amfani da ita sau biyu. An rubuta ta ne don biyayya ga miji, aka miƙa ta don bin gaskiya. Abin da ya sa Arati ta miƙa ta kuwa, wato riƙon amanar ƙawa da ƙin zalunci, tarbiyya ce da ta fito da ita daga gida. Shi kuma manajan, mai mota da ofis da tarho, shi ne ke ɗauke da tsohuwar ƙyamar da ake yi wa ruwa-biyu, shi ne kuma ya fara lallashin Subrata da alkawarin aiki don sun fito yanki ɗaya. Wato mai kayan zamani ya fi kowa tsohon tunani, mai sari kuma ita ce ta tsaya wa baƙuwar da ba addininsu ɗaya ba. Bayan wannan, mai kallo ba zai iya nuna wani da yatsa ya ce ga al'ada, ga zamani ba.

5.0 Inda Fim ɗin Ya Tsaya

Duk da wannan yabo, akwai wurare uku da matarki zai yi ƙorafi. Na farko, ƙarshen ya zo da sauƙi. Subrata ya fahimci matarsa cikin 'yan mintoci a gindin matakala, kuma yardarsa ce ta zama hatimin abin da ta yi. Gidan da mutum shida ke jiran abinci ba ya cin fahimta.

Na biyu, Arati 'yar gidan masu ilimi ce, masu matsakaicin hali. Fitar mace aiki sabon abu ne ga irin gidansu kawai. Matan ƙauye da na ƙasƙantattun dangogi a tsarin jinsin Hindu sun daɗe suna noma da dako da wanki a gidajen wasu, ba wanda ya kira wannan zamani. Fim ɗin bai waiwaye su ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, Ray bai tambayi wanda zai yi aikin da Arati ta bari ba. Uwar miji da ƙanwar miji suka ɗauka, wato mata suka sauya wa mata, Subrata kuwa ko da ya rasa aiki bai shiga madafa ba. Tarihi ya nuna nan ne ƙullin yake. A ƙidayar 2011 matan da suka iya karatu sun kai kimanin kashi 65 cikin 100, a 2005 an gyara dokar gado ta ba 'ya mace rabo daidai da ɗa namiji a dukiyar gidan Hindu, ƙasar kuma ta ga Indira Gandhi a kujerar Firayim Minista daga 1966 zuwa 1977, da kuma daga 1980 zuwa 1984. Amma binciken amfani da lokaci da hukumar ƙididdiga ta Indiya ta gudanar a 2019 ya nuna cewa macen da ke aikin gida tana ba shi minti 299 a rana, namijin da ke taɓawa kuwa minti 97.

Wannan giɓi ne Jeo Baby ya cike a The Great Indian Kitchen, fim da harshen Malayalam na jihar Kerala, 2021. Amarya mai ilimi, wadda ba a ma ba ta suna ba, ta shiga gidan da suruki ke so a dafa masa shinkafa da itace, a niƙa masa kayan miya a dutse ko da ga injin markaɗe, a wanke tufafinsa da hannu ko da ga injin wanki. Kyamara ta zauna a madafa tana maimaita yanka da suya da wanke-wanke har mai kallo ya gaji, ga bututun wurin wanke-wanke yana yoyo, miji kullum yana cewa zai kira mai gyara. A ƙarshe ta watsa musu ruwan dattin ta tafi, mijin ya auro wata ta ɗora daga inda ta tsaya. Fim ɗin bai kai Mahanagar tausayi da zurfin halayen mutane ba, mazan cikinsa sun yi kusa su zama gumaka, amma ya nuna abin da Ray ya tsallake: abin da ake kira al'ada a cikin gida, sau da yawa, sa'o'in aikin mace ne.

6.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa Mother India da Purab aur Paschim sun gaji rabon da masu kishin ƙasa suka yi, suka ɗora wa mace ajiyar al'ada, ɗaya ta hanyar haƙuri, ɗaya ta hanyar sutura. Mahanagar ya sauko da maganar daga jikin mace zuwa aljihun gida, ko da yake bai kai ta madafa ba.

Darasin ya shafe mu, domin finafinan da 'yan kasuwa suka kawo mana na Bombai ne, daga gare su kuma masu shirya finafinan Hausa da wasu marubutan soyayya suka yi aro. Sau da yawa 'yar boko a labaranmu ƙanwar Preeti ce, ana gane lalacewarta daga shigarta, matar kirki kuwa ƙanwar Radha ce, ana gane kirkinta daga yawan hawayenta. Amma muna da namu masu idon Ray. A littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, Rabi ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci bayan Alhaji Abdu ya kore ta, aka kuma matsa mata ta koma sa'ad da dukiyarsa ta ƙone. Abin sha'awa ne cewa kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ne ya buga fassarar Ingilishi ta wannan littafi, wadda Aliyu Kamal ya yi, a 2012.

Shawarar da za a ba ɗaliban tarke ita ce, idan sun tarar da mace tsakanin al'ada da zamani a fim ko a littafi, kada su tsaya a kan abin da ta sa a jikinta. Su bincika wa ke kawo kuɗin cefane a labarin, wa ke hura wuta, kuma girman wa ake karewa idan an ce ana kare al'ada.